Tambaya da Amsa: Me likitocin Indiya na da suke yi da ƙarfen tiyata marar kaifi wajen haihuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina karatun ungozoma, rannan malaminmu yake cewa wai tun zamanin da, likitocin gargajiyan Indiya suna da kayan tiyata sama da 100 kuma duk babu mai kaifi, har da na karɓar haihuwa. Ni dai abin bai shige ni ba, kayan tiyata kuma ba kaifi to me za a yanka da shi? Dan Allah Anti ki warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ku. Maganin gargajiyan Indiya sunansa Ayurveda, babban littafinsu na fiɗa kuma shi ne na Sushruta, wani likita da ake dangantawa da birnin Baranasi, littafin ya haura shekara 1500 a duniya. A ciki ya raba kayan aiki gida biyu, masu kaifi guda 20 da yake kira shastra, su ne wuƙaƙe da allurai da sauransu, sai marasa kaifi guda 101 da yake kira yantra. Kinga masu yankan suna nan, yawa ne dai ba su da shi.

Su yantra ba yanka ne aikinsu ba, aikinsu kamawa, jawowa, buɗa waje a leƙa, zuƙo ruwa ko tura magani. Guda 24 irin awartaki ne da aka ƙera bakinsu kamar na dabbobi da tsuntsaye, akwai bakin zaki, akwai bakin hankaka, shi dai ya fi yabon bakin zalɓe saboda yana zurawa da nisa ya kamo abu ya fito da shi lafiya. Sai hantsaki 2, wasu masu faffaɗan baki 2, bututu 20, tsinkaye 28, sai tarkacen taimako 25 irinsu zare da ƙyalle da igiya. Abin da ni ya fi burge ni shi ne bayan duk wannan lissafin sai mutumin ya ce hannun likita shi ne shugaban yantra, don ba wanda zai yi aiki sai da shi. Duk ungozomar da ta daɗe a ɗakin haihuwa za ta ce miki haka ne.

To ɓangarenku. Cikin bututun akwai wanda wani likitan mai suna Vagbhata, da ya zo daga baya wajen ƙarni na 7, ya siffanta don duba miki a gaban mace, tsawonsa faɗin yatsa 16, bakinsa ya rabu huɗu a tsuke kamar furen bado da bai buɗe ba, sai an shigar sannan a danna ya buɗe. Ki tuna ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa da kuke duba bakin mahaifa da shi, ai dabarar ɗaya ce. Akwai kuma siririn bututu da ake ɗaura masa mafitsarar dabba a cika ta da mai ko ruwan magani a matsa ya shiga mahaifa ko mafitsara, uttara basti suke ce masa, da wani na tura hayaƙin magani.

Mai ban tausayin shi ne garbha shanku, ƙugiya ce ta jawo jaririn da ya riga ya mutu a ciki ya ƙi fitowa. Sushruta ya ware babi guda kan jaririn da ya gicce ko ya maƙale, ya ce cikin aikin likita babu mai wuyarsa tunda da hannu ɗaya ake yi ana lalube ido bai gani. Ya ce a shafa man shanu a hannu a fara gwada juya jaririn, in yana da rai kada a kuskura a sa masa wuƙa, in kuma ya mutu dole sai an yanka to a ɗauki wuƙa mai zagayayyen kai ba mai tsini ba don kar a huda uwar. Kinji amsar tambayarki kenan, wajen yana da taushi, ga mafitsara ga hanji duk a kusa, likita kuma a duhu yake aiki, rashin kaifin shi ne kariyar mace.

Amma fa kar son tarihi ya ɗebe ki. Ba su san ƙwayoyin cuta yadda muka sani yau ba, babu allurar kashe zafi sai dai a ba mara lafiya giya, babu ƙarin jini. Sannan masu cewa awartakin bakin zaki shi ne ainihin ƙarfen da ake jawo jariri mai rai da shi a asibiti sun zarce, shi wannan ƙarfen wasu likitoci 'yan gida ɗaya da ake kira Chamberlen ne suka fito da shi a Ingila a ƙarni na 17, awartakin Sushruta na ciro kibiya ne da makamantanta daga jiki.

TAMBAYA: Anti har yanzu ana amfani da su a Indiya?

AMSA: Ana koyar da su a kwalejojin Ayurveda, kuma tun 2014 gwamnatinsu ta buɗe ma'aikata guda mai suna AYUSH don magungunan gargajiya. Uttara basti ma suna yi har gobe, sai dai da sirinji da bututun zamani da aka tafasa, ba mafitsarar dabba ba. A 2020 da aka ba wasu ƙwararrunsu izinin yin tiyata iri 58 ƙungiyar likitocin zamani ta Indiya har yajin aiki ta yi, rigimar kuma ba ta mutu ba.