Dalilin da ya sa ba ma ƙara bangon kududdufi da yashin wanki

Ka ce, "Oga, ga yashin wankin kuza tuli a banza, me ya sa sai mun biya kuɗin tifa an kawo jar ƙasa kafin a ƙara tsayin bangon kududdufin da muke zuba lakar wanki?" To, ɗana, saurara.

Yashin nan da ka ga ya bushe a sama, ka taka ka ji tauri, yaudara ce. Sa shebur ka tona kamu biyu, laka za ka tarar sharkaf. Abin da ke fitowa daga wanki gari ne mai laushi, bai kama jikinsa ba, ruwa ne cike a tsakaninsa. Ran da aka ɗora masa nauyi, ko katafila ta girgiza shi, ko ruwan Agusta ya ƙosar da shi, sai ya sake gaba ɗaya ya koma kamar kunu. Bangon da ke zaune a kansa kuwa ba ya sallama, lokaci guda yake tafiya.

Kada ka ɗauka ƙananan masu haƙa irinmu kaɗai abin ke ci. A Brumadinho ta ƙasar Brazil, ranar 25 ga Janairu 2019, madatsar dattin ƙarfe ta kamfanin Vale ta ɓalle da tsakar rana, mutum 270 suka rasu. Da yawansu ma'aikata ne, suna cin abinci a ɗakin da aka gina musu a ƙasan madatsar. An daina zuba datti a cikinta tun 2016, kowa yana ganin ta kwanta. Kuma irin ginin da kake so mu yi aka yi mata: duk ƙarin tsayi a kan tsohuwar lakar ake ɗora shi, don ya fi araha. Kafin nan, a 2015, madatsar Mariana, ita ma a Brazil, ta kashe mutum 19, lakarta ta bi kogin Doce har teku. Daga baya Brazil ta haramta wannan gini.

Jar ƙasar da muke saye, shimfiɗa ta muke yi kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddale, sannan a ƙara wata, kuma ta baya muke faɗaɗa bangon, a kan ƙasa mai ƙwari. Amma ko ita ba ta isa ba in ka bar ruwa ya kwanta a jikin bango. Lakar ake zubawa ta gefen bango, ruwan ya taru can nesa. Magudanar da ambaliya za ta bi in kududdufin ya cika, kada ka bari ciyawa ko buhun leda su toshe ta.

Kullum da safe ka zaga gindin bangon ta baya, da ƙafa, ba a kan babur ba. In ka ga wuri ɗaya ciyawa ta yi shar a tsakiyar rani, ruwa na bi ta nan. Tara abin da ke tsattsafowa a gora ka ɗaga wa rana. In garau yake, mu sa masa ido. In ya yi jaja-jaja, to cikin bangon yake kwashewa, ruwa ba ya tsami banza. Kashe famfon zuba laka, fitar da kowa, sannan ka kira ni. Tsaga a saman bango kuma, kafa turaku biyu gefe da gefe, ka riƙa aunawa.

Ka kuma tuna ruwanmu ba a nan yake tsayawa ba. Dubi tsofaffin kududdufan da kamfanonin Turawa suka bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, da su ake noman rani na kabeji da dankali. Yashin kuma akwai monazayit a ciki, wani ma'adini mai fitar da tururin da ke cutarwa, don haka masu zuwa roƙonsa su buga bulo, ka ba su haƙuri.

Rumfar nan da leburori suka kafa a gindin bango saboda inuwa, gobe kafin a tayar da inji a mayar da ita kan tudu.