Amsar Goggo kan batun hana maganar siyasa a guruf ɗin gida

Wannan muryar da Goggo ta Tudun Wada ta turo guruf ɗin zumunci ce daren Talata. An rubuta ta saboda waɗanda suka ce ba su da datar saurare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya Alhaji barka da dare, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. 'Yan'uwa na cikin Birni, na Sabon Gari, na Samaru, da ku da ke Kaduna da Abuja, duk ina gaishe ku. Ku yi haƙuri, muryar za ta yi tsawo, amma don Allah ku ji ta har ƙarshe.

Admin, ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tunda rigimar ranar Asabar ta kai mutum uku sun fice, ko dai a hana maganar siyasa gaba ɗaya a nan, ko a cire yaran nan biyu da suka faro ta. Ka ce in faɗi nawa tunda bayan Yaya Alhaji ni ce babba. To ni dai ban yarda da ko ɗaya ba.

Ga wanda bai bi ba: ɗan Yaya ne ya turo bidiyon wani ɗan siyasa, guntu ne, an yanke kai an yanke gindi, ya rubuta a ƙasa wai duk wanda ya zaɓi mutanen nan Allah ya isa. Auta ya mayar masa da cewa sojan baka ne, nawa aka biya shi. Kafin la'asar an kai ga munafuki da maci amana, kafin magariba an sako iyaye mata. Wannan duk ban ji zafinsa ba kamar abin da na gani jiya Litinin a gidan suna. Matar Auta ce ta haihu, kun sani. Daga gidan ɗan Yaya ba wanda ya leƙo. Aka zuba waina da miyar taushe aka ba yaro ya kai musu, yaron ya dawo da kwanon a rufe yadda aka ba shi. Ni na buɗe shi da hannuna, miyar ta huce, mai ya daskare a sama. Mai jego ta kalle ni da jariri a cinya ta ce, "Goggo, ni me na yi musu?" Wallahi na rasa abin da zan ce mata.

Bari in ba ku labarin kakanninku, don da yawanku ba ku riske su ba. Baba, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma ɗan NEPU ne na ƙin ƙari, mai alamar tauraro. Baffa kuwa, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin En'e ne, ɗan NPC mai fartanya. Gida ɗaya, zaure ɗaya. Kada wani ya ce muku a da siyasa ba ta da zafi. Ana dukan 'yan NEPU, ana gurfanar da su gaban alƙali, ana ɗaure su. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan namu Zariya da asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, sau 16 aka ɗaure ta. Zafin wancan lokaci a jikin mutum yake sauka.

Abin da na gani da idona shi ne na jamhuriya ta biyu, lokacin na fara koyarwa. A 1979 Baba ya bi PRP mai mabuɗi, Baffa ya bi NPN mai gida da masara. Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, lokacin har Katsina a cikinmu take, amma majalisa ta NPN ce. Ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Su kuma 'yan majalisa duk sunayen kwamishinonin da ya kai sai su mayar masa, haka ya yi mulki babu kwamishina. Ranar 23 ga Yuni, 1981 suka tsige shi. Ina gida ranar. Baba ya ji a rediyo, ya kashe ta, ya tashi daga kan keken ɗinki ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura. Bayan magariba Baffa ya fito zaure kamar kullum, Inna ta aika da akushi. Baba ya ce, "Yaya, kun ci amanar talaka." Baffa ya ce, "Gwamnanku ne ya ƙi lanƙwasa, ba a mulki da taurin kai." Murya ta tashi har mu mata muna laɓe a bayan asabari muna jin tsoro. Can sai muka ji shiru. Na leƙa, sai na ga Baffa ya wanke hannu, ya tsamo tsokar da ke cikin miya ya tura ta gaban ƙaninsa. Baba bai ce komai ba, ya ci. Da aka kira isha'i suka tafi masallaci tare, buta ɗaya.

Har suka koma ga Allah ba wanda ya sauya ra'ayi. Kullum sai sun yi gardama. Na daɗe ina tunanin me ya riƙe su, ga abin da na gano. Suna kallon idon juna, kuma akwai maganar da ba za ka iya faɗa wa ɗan'uwanka ba alhali hannunku na cikin akushi ɗaya. Gardamarsu tana da lokacin tashi, da ladan ya kira shi ke nan sai gobe. Sannan babu 'yan kallo. Mutum biyu a zaure, ɗaya zai iya cewa "to, na ji" ba tare da ya ji ya zube ba. A nan kuwa mutum sama da ɗari na karantawa, har da surukai, har da ƙannen da kake jin ka girme su. Kowa na jin idan ya sauko an ga bayansa. Kuma wayar ba ta da isha'i, da ita ake kwana, da ita ake tashi.

Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Samaru ya fahimtar da ni wani abu. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, aka ga cewa akwai shekarun da idan ka danna alamun fuskar nan, har da jar fuskar fushi, injinsu na ba saƙon maki biyar, babban yatsa kuwa maki ɗaya. Saƙon da ya tara maki shi ake ƙara tura wa mutane. Daga baya sun rage, amma ku duba ma'anar: abin da ya fi harzuƙa ka shi ake fara ajiye maka a gaba, don ka daɗe kana kallo a sayar da talla. Daga can ake kwaso shi a zubo mana nan. Shi kansa kamfanin WhatsApp tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma sa kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Bidiyon ranar Asabar kibiya biyu gare shi, na koma na duba. Masu shekaru kun tuna daren wankan gishiri a 2014, lokacin Ebola, yadda aka tashe mu da asuba da waya. Ba mugu ne ya kira ka ba, masoyinka ne, bai bincika ba kawai.

Ni kuma akwai abin da ya sa ba na wasa da irin wannan. Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, kuma jiharmu ta fi kowa asara. Ranar da abin ya ɓarke a Zariya, abokiyar aikina Kirista 'yar Wusasa tana gidana, ta zo duba ni. Hayaƙi ya tashi, hanya ta rufe, saƙonni na ta shigowa wayoyinmu, nata na cewa ana kashe nasu, nawa na cewa ana kashe namu. Muna zaune a tabarma ɗaya. Da na ji ihu a layi na leƙa ta ƙofa, sai ga samari da gorori. A cikinsu na hango yaron da ni da ita muka koyar a aji huɗu, wanda ita ce take saya masa fensir. Na kira sunansa, cikakken sunansa yadda nake kira a rajista. Wallahi sai ya mayar da gorar bayansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am Malama." Ya ja abokansa suka wuce. Kwana uku ta yi a ɗakina. Yaron nan ba shaiɗan ba ne, fushi ya yi da fushin wani, a cikin taron da ba wanda ya san sunansa.

To ɗan Yaya, ɗana, da kai nake. Fushinka na san inda ya fito. Ka gama digiri, Keke Napep kake ja daga Kwangila zuwa PZ, tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai abin da kake samu a gidan mai yake ƙarewa. Kana da haƙƙin ka yi magana, kuma ba zan yarda a toshe maka baki ba. Amma ka ja Allah ya isa a kan masu zaɓe. A zaɓen gwamna na Maris 2023, Uba Sani da Isa Ashiru kowannensu ya haura ƙuri'a 700,000, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai 11,000 ba. Duk ɓangaren da ka tsaya, akwai mutum sama da 700,000 a ɗaya ɓangaren, a cikinsu akwai limamin da kake bi salla, akwai mai ba ka bashin masara, akwai matan gidan nan. Duk su ka ja wa Allah ya isa?

Kai kuma Auta, ka ce an biya shi. Wa ya biya shi? Ka san ɗakin da yake kwana. Wannan kalmar ita ta fi yi mini ciwo, domin ma'anarta ɗan'uwanka ba zai iya saɓa maka da hankalinsa ba sai an saye shi. Mutanen da kuke faɗa a kansu kuwa, a Disambar 2014 Buhari da Atiku da Kwankwaso jam'iyya ɗaya suka nemi tikiti. A 2019 Peter Obi mataimakin Atiku ne, a 2023 kowa ya kama gabansa. El-Rufa'i da ya yi shekara takwas yana gwamna a APC, a 2025 ya fice. Su suna da ƙofar komawa wurin juna kullum. Ku idan kuka rushe taku wa zai gina muku?

Dalilin da ya sa na ƙi a hana maganar ke nan, admin. In ka hana a nan ba dainawa za su yi ba, kowa zai koma guruf ɗin da duk bakinsu ɗaya, inda ba mai ce masa "a'a, ba haka aka yi ba." A can ake zuga yaro har ya manta yana da dangi. Gara su yi a gabanmu. Cirewa kuwa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A Kaduna akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowanne na jagorantar samarin ɓangarensa. Daga 1995 suka fara zama tare, har suka kafa cibiyar sulhu, kuma ba wanda ya bar addininsa. Ku kuwa ko ɗigon jini ba a zubar a tsakaninku ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk abin da ya zo da kibiya biyu, kafin ka turo ka san wa ya ɗauka, yaushe, a ina, in ba ka sani ba ka bar shi a wayarka. Allah ya ce a Suratul Hujurat idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, Annabi sallallahu alaihi wa sallam kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ku soki gwamna, ku soki shugaban ƙasa, ku kawo farashin mudu da halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga, amma ban da zagin wanda ya jefa ƙuri'a, ban da iyaye. In kuma ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi da ɗan'uwanka, ka fita daga guruf ka kira shi, ka ji muryarsa shi kaɗai.

Bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba. Daga Asabar zuwa yau Talata ku ƙirga da kanku. Admin, ka mayar da mutum ukun nan yau da daddare, in sun sake fita ka ba ni lambobinsu ni zan kira. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina son ganin ɗan Yaya da Auta a gidana, zan yi tuwon shinkafa da miyar kuka, faranti ɗaya zan zuba, wayoyinku kuma a ɗakina za su zauna har ku gama. Yaya Alhaji, in jiki ya bari ina so ka zo ka zauna a tsakani. Kafin nan, ɗan Yaya, gobe ka ɗauko matarka a Keken ka biyo ta nan ka ɗauke ni, mu je wurin mai jego. Kwanon nan yana wurina, na wanke shi, ita za ta zuba wani abu a ciki ta shiga da shi.

Sai da safenku. Wassalamu alaikum.