Likitansa ya ce yaƙi ne sila, amma an ƙi biyansa diyya: ina gizo yake saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx, birnin New York. Maigidana ya yi aikin soja a rundunar Amurka, ya je Iraƙi, kuma tun da ya dawo ba ya barcin kirki, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Ya nemi diyyar nakasa. Likitan da ya daɗe yana duba shi ya rubuta cewa yana da PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma "mai yiwuwa" aikin soja ne sila. Likitan da hukuma ta tura shi wajensa ya gan shi sau ɗaya tak, ya rubuta akasin haka, aka ƙi. Yaya maganar wanda ya gan shi sau ɗaya za ta rinjayi ta wanda ya san shi shekara da shekaru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da haƙurin jinya. Hajiya, ina kyautata zaton kalmar nan "mai yiwuwa" ita ta kayar da ku.

Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, tana neman abu uku kafin ta biya: ciwon da likita ya tabbatar a yanzu, abin da ya faru lokacin aiki, da igiyar da ta ɗaure su biyun. A maganar PTSD, wannan igiyar likita ne kawai yake iya saƙa ta. Kuma mizanin ba mai tsauri ba ne. Ba a ce sai an tabbatar ɗari bisa ɗari ba, ana so ne likita ya ce yiwuwar aikin soja ne sila ta kai kashi 50 ko ta wuce. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja rinjaye, haka kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji ta fayyace tun 1990 a shari'ar Gilbert. Amma "mai yiwuwa" ba ta kai nan ba. A shari'ar Obert ta 1993 kotun ta ce wanda ya ce abu zai yiwu, ya kuma yarda zai iya ƙin yiwuwa, don haka hasashe ne.

Sannan a tsarin VA babu dokar da ta fifita likitan da ke jinyar mutum a kan wanda ya duba shi sau ɗaya. Shari'ar Nieves-Rodriguez ta 2008 ce ginshiƙi a nan: nauyin ra'ayin likita yana cikin dalilan da ya kawo. Ya san tarihin mara lafiyar daidai? Ya bayyana yadda ya tashi daga wannan tarihi har ya kai ga hukuncinsa? Takarda mai layi uku da hatimi, ko ta babban farfesa ce, za ta sha ƙasa a gaban rahoton da ya bi komai dalla-dalla. Wuƙar kuwa baki biyu gare ta. Idan likitan hukuma ya kafa hujja da cewa maigida bai taɓa zuwa asibiti yana soja ba, ya kawar da kai daga bayaninsa da naki, to rahotonsa ma yana da rami, kuma tun shari'ar Barr ta 2007 aka ce in VA ta ɗauki nauyin gwaji, dole gwajin ya zama gamsasshe. Ku nemi kwafin rahoton ku karanta shi layi-layi.

Akwai sassauci da ya shafe ku kai tsaye. Tun Yulin 2010, wanda ya yi aiki a inda ake fargabar harin abokan gaba ko na 'yan ta'adda ba ya buƙatar takardar da ta tabbatar da ainihin abin da ya firgita shi, maganarsa ta isa in ta dace da wurin da ya yi aiki. Sharaɗin shi ne likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam na VA, ko wanda ta yi kwangila da shi, ya tabbatar da cewa fargabar ta isa ta haifar da ciwon. Takardar likitanku na waje ba ta buɗe wannan ƙofar ita kaɗai, shi ya sa ranar gwajin hukuma take da girma haka.

A nan ne nake so in ja kunnen maigida. Mu an tarbiyyantar da mu cewa in an tambaye ka jiki ka ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da kwana ka yi ido biyu. Ga kuma jarumtar soja a kai. Likita ba ya jin wannan a matsayin ladabi, zai rubuta cewa mara lafiya ya ce ba shi da matsala, kuma wannan layin zai zauna a fayil. Godiyar Allah daban, bayanin ciwo daban. Ya faɗi sau nawa yake farkawa a dare, aiki nawa ya bari da dalilin barinsu, ko ya daina shiga taron suna da ɗaurin aure. Kada ya ƙara gishiri, kada kuma ya rage. Dalili shi ne kason diyya na ciwon ƙwaƙwalwa, wato kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100, ana auna shi ne da yadda ciwon ya taɓa sana'a da zamantakewa, sunan ciwon kaɗai ba ya ƙayyade shi. Tunanin kashe kai yana cikin alamomin kashi 70, kuma shi ne abin da mutanenmu suka fi ɓoyewa. In ya taɓa furta irin wannan, a kira 988 a danna 1, wato layin agajin gaggawa na tsofaffin sojoji, nan take, maganar diyya ta biyo baya.

Ko da likita ya ce ba PTSD ba ne, ciwon damuwa ne, buƙatar ba ta mutu ba. Shari'ar Clemons ta 2009 ta ce soja ba likita ba ne, don haka buƙatarsa ta ƙunshi duk ciwon ƙwaƙwalwar da alamominsa suka nuna.

Tun 19 ga Fabrairun 2019 hanyoyin ƙalubalantar hukunci uku ne. Akwai bitar babban jami'i, wadda ba a karɓar sabuwar hujja a cikinta, akwai ɗaukaka ƙara zuwa Hukumar Sauraron Ƙorafin Tsofaffin Sojoji ta VA, sai kuma ƙarin buƙata da sabuwar hujja a fom 20-0995. Ni ta ukun zan zaɓa muku. Ku kai wa likitansa takardun aikin soja da rahoton likitan hukuma, ya sake rubutu: ya faɗi abin da ya karanta, ya yi amfani da mizanin kashi 50, ya kuma amsa hujjar ɗaya likitan kai tsaye. Ke ma ki rubuta shaidarki a fom 21-10210, abin da idonki ya gani kafin tafiyarsa da bayan dawowarsa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna taimakawa kyauta, kada ku bari wani ya yanke muku kaso don cike fom. Yau ɗin nan ku duba kwanan watan da ke kan takardar hukuncin: in kun shigar cikin shekara ɗaya daga wannan ranar kuma aka amince, za a lissafa kuɗin ne daga ranar buƙatar farko.