Tambaya da Amsa: Yadda Ake Amfani da "Borrow" a Turanci

Tambaya: Malam, ni ɗalibar sakandare ce daga unguwar Mabera a Sakkwato, ina shirin jarrabawar WAEC. Na rubuta "borrow me your book", malaminmu ya soke. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗiyata, malaminku yana da gaskiya, kuma tushen matsalar daga Hausa yake. Mu aikatau ɗaya muke juyawa, mu ce "na ari littafi" ko "ara mini littafi", amma Turanci ya raba aikin biyu: mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuwa "lend" yake yi. Saboda haka daidai shi ne "lend me your book", ko kuma, cikin ladabi, "may I borrow your book?" Ki lura cewa "borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuma da "to", sannan shuɗaɗɗen lokacinsu "borrowed" ne da "lent".

Akwai inda Hausa ta fi Turanci tantancewa, kuma a ganina nan ya kamata ɗalibai su fi natsuwa. Mun bambanta aro, inda abin da aka karɓa shi ake mayarwa, da rance, inda ake mayar da madadinsa kamar kuɗi ko hatsi, alhali "borrow" ta haɗe su duka. Idan kuwa biya za a yi, kamar hayar shago a kasuwa, "rent" ake cewa.