Amsar Kawu kan zanen makaranta

Ɗana, saƙonka ya sa ni murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce an ba ku aiki a Samaru ku zana makarantar da za ta buɗe basirar yara, kuna so ku zaunar da su a kewaye da malami, amma kana tsoron a ce kun saɓa al'ada. Wa ya gaya maka benci layi-layi al'adarmu ce? Ajujuwan bulo da kwanon nan sun yawaita ne da shirin UPE na 1976, wato shirin gwamnati na ilimin firamare ga kowa, aka gina su cikin gaggawa. Da azahar zafi, da damina ƙarar ruwa ta hana a ji malami.

Mu a zaure muka yi karatu, a Kwarbai, kan buzu da tabarma. Wata shekara bayan ruwa ya ɗauke, magini ya zo yin yaɓe. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce a jingine alluna. Muka tattake ƙasa da ƙafa, manya suka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗawa a yaɓe, warinta ya cika unguwa. Magini ya hau tsani yana fitar da dagi a saman ƙofa da yatsunsa kawai, ƙasar na ɗanya. Da ya ga mun saki baki, sai ya bar mana gindin bango ya ce kowa ya yi nasa. Akwai wani yaro a cikinmu, hadda na ba shi wuya, kullum a baya yake. Ranar nan ya ja zane mai sarƙaƙiya har magini ya sauko ya tsuguna yana kallo. Malam ya ce, "Hannu ma da nasa karatun." Daga baya yaron nan shi ke yi mana zayyanar allon sauka, har daga Tudun Wada ake nemansa.

Kakanka kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ina za a tanƙwara yaron da aka hana taɓa bango?

Abin da ke damuna, ku yaran yanzu a waya kuke neman gini, duk gilashi, kamar ba ku san zafin ranar Zariya ba. Ka taɓa zuwa Masallacin Juma'a ka duba abin da ya rage na aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, tun zamanin Sarki Abdulkarimu? Tubali da azara ne, ga sanyi, ga murya na kaiwa ko'ina.

Batun zama kuwa, muddin yaro zai gaida malaminsa ya rusuna, ban ga laifi ba, sai dai ka ji ta bakin malamai. Ka zo ranar Asabar da takardun, ina so in ga inda kuka ajiye inuwa da randar ruwa. Ka gaida mahaifiyarka.