Tuna mutuwa na sa mutum ƙin baƙo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Malaminmu ya ce bincike ya tabbatar idan aka tuna wa mutum zai mutu, sai ya ƙara ƙanƙame abin da ya yi imani da shi, ya tsani wanda ya saɓa masa. Ni kuwa tun a Islamiyya ake ce mana tuna mutuwa tausasa zuciya yake yi. Wanne zan riƙe? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: 'Yata, kalmar "ya tabbatar" ce ta yi wa malaminku yawa a baki.

Wasu Amurkawa uku ne, Jeff Greenberg da Sheldon Solomon da Tom Pyszczynski, suka fito da ra'ayin a 1986. Gwajinsu da ya fi suna an buga shi a 1989. A garin Tucson na jihar Arizona suka samu alƙalai 22, aka sa wasunsu su rubuta abin da suke ji idan sun tuna mutuwarsu da abin da zai sami gawarsu. Sannan aka miƙa wa kowa takardar ƙarar wata mata da ake tuhuma da karuwanci, aka ce ya yanke kuɗin beli. Waɗanda ba a tuna wa mutuwa ba sun tsaya a wajen dala 50. Waɗanda aka tuna wa, dala 455! Ranar da na fara karanta wannan har shayina ya huce ban sani ba. Sai daga baya na lura: mutum 22 fa kawai. Alƙali biyu masu zafin hannu sun isa su karkatar da lissafin.

Bayan shekaru aka koma aka sake awo, a wani aiki mai suna Many Labs 4 da aka buga a 2022. An maimaita gwajinsu na 1994: wasu su rubuta kan mutuwarsu, wasu kan kallon talabijin, sannan kowa ya karanta rubutu biyu, ɗaya na yabon Amurka, ɗaya na kushe ta, ya faɗi marubucin da ya fi kwanta masa a rai. Cibiyoyi 17, mutum 1,550. Wasu cibiyoyin ma da shawarar masu ra'ayin suka tsara aikinsu, don kada a ce ba a iya ba. Bambancin da ake jira, wato waɗanda aka tuna wa mutuwa su fi ƙin mai kushe Amurka, bai fito ba, ko nan ko can. Magoya bayan ra'ayin sun yi ƙorafi kan yadda aka tace mahalarta, kuma gardamar ba ta mutu ba. Ni dai a ganina ra'ayin na ɗingishi sosai.

Amma kada ki ce kimiyya ta goyi bayan malamar Islamiyyarku, domin ba abin da aka auna ke nan ba. Tambaya biyu a takarda daban, tsayuwa a bakin kabari ana miƙa itace da ƙasa daban. A wata jana'iza na ga wa da ƙani da suka shekara ba sa ga-maciji sun rungume juna suna kuka. Kafin sadakar arba'in kuma sun koma gaban alƙali kan gonar gado.

A jarrabawa ki rubuta abin da malaminku ya koyar, ki ɗora da sakamakon 2022 a ƙasa, da ladabi.