Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarya ta cika gurup ɗinmu na kirifto, wa za mu yarda da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a nan Gusau, muna da gurup a Telegram mu wajen ɗari uku, wasu na koyon rubuta manhajar kirifto wasu ko mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, ne kawai ya kawo su. Wallahi ƙarya ta yi muna yawa, kullum sai an turo saƙo an ce daga masu manhaja ne. Makon jiya wani mai suna da hoto irin na admin ya turo linki wai kowa ya sabunta walet ɗinshi kafin 12 na dare, abokina ya shiga ya zuba kalmominshi 12 na sirri da ke buɗe walet ɗin, kafin asuba an yashe shi tas. Yanzu kowa zargin kowa yake. Mu rufe gurup ɗin ne ko mi za mu yi?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya mayar wa abokinka da mafi alheri. Kar ku rufe, in kun rufe ma wani gurup za su koma inda babu mai tsawatawa.

Kai ɗan Zamfara ne don haka ba sai na yi dogon bayani ba, ka je kasuwar shanu ta Talatar Mafara ka tsaya ka ga yadda ake yi da baƙon da ya jawo bijimi zai sayar. Komai kyan bijimin nan, komai arha, mai hankali ba zai ƙirga kuɗi ba sai dillalin da aka sani ya ce na san shi, na san garinsu, ni na tsaya masa. Kuma dillalin nan ba don Allah da Annabi kawai yake taka tsantsan ba, ya san in ta fito na sata ne shi za a fara riƙewa, sunanshi ya zube a kasuwar da yake ci da iyalinshi. To ku a gurup ɗinku wa ya tsaya wa wa? Babu. Duk mai linki shigowa yake, suna da hoto kuwa a minti ɗaya ake kwafe su.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da gane wannan. Tun 1991 wani Ba'amurke Phil Zimmermann ya fito da PGP, manhajar da mutum ke sa hannu da ita a kan saƙo ta yadda ba a iya kwaikwaya, sai tambaya ta taso, to ta ina zan san mabuɗin da aka sa hannun da shi naka ne da gaske? Maganin da aka yi shi ne mutane su haɗu ido da ido, kowa ya duba katin shaidar ɗan'uwansa sannan ya sa hannu a kan mabuɗinsa. Ni ban san ka ba amma na san wanda ya san ka kuma ya sa maka hannu. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai ce ai isnadi ne wannan, wane ya ji daga wane, kuma kowane mai ruwaya an san halinsa, gaskiya kuwa kusan hakan ne.

Haka masu Bitcoin Core, babbar manhajar Bitcoin, ke yi har gobe. Tun daga fitowa ta 22.0 a 2021, in za a saki sabuwar manhaja mutane da dama a ƙasashe daban-daban kowa zai harhaɗa ta a kwamfutarsa daga rubutu ɗaya, sai an ga abin da ya fito wa kowa iri ɗaya ne sak sannan kowa ya sa hannu. Mai son cusa ƙarya sai ya saye su duka, ba mutum ɗaya ba.

Amma tsaya, kar ka ɗauka yarda ta gama komai, nan ne nake so ka buɗe kunne. Gavin Andresen shi Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin kuma ba a san ko wane ne ba, ya bar wa ragamar manhajar, babu wanda aka yarda da shi kamarsa a lokacin. A watan Mayun 2016 ya fito ya ce ya gamsu Craig Wright, wani ɗan Ostareliya, shi ne Satoshi, wai an nuna masa hujja a keɓe a Landan. Sauran abokan aikinsa ba su ce tunda babba ya faɗa shi kenan ba, cewa suka yi a kawo sa hannun a fili kowa ya gwada da kansa, wanda aka kawo kuma aka gano tsohon sa hannu ne aka kwaso daga cikin rijistar Bitcoin. Aka karɓe wa Gavin izinin taɓa manhajar. Sai a Maris ɗin 2024 babbar kotu a Landan ta yanke cewa Wright ba Satoshi ba ne, shekara takwas bayan masu manhaja sun gama nasu hukuncin. Ka ga mutumin kirki ma ana iya rufe masa ido.

A watan nan dai na Maris 2024 aka bankaɗo wata da ta fi ba ni tsoro, duk da ba kirifto ba ce. Wani mai amfani da suna Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa a wata manhaja xz, ladabi, aiki mai kyau, wasu sunaye kuma da babu wanda ya san su suna ta matsa wa mai manhajar lamba ya ba shi iko, da ya samu sai ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa ya bi diddigi. Mutum ɗaya na iya zama mutum goma a intanet, duk su yi ta yabon juna, don haka shaidar wanda ba a taɓa gani ba ba shaida ba ce.

To ga abin da zan yi in ni ne ku. Ku goma ko sha biyar da kuka san juna a fili, kun ci tuwo tare, ku haɗu a zaure ɗaya ku karɓi lambar juna hannu da hannu. Daga nan duk mai shigowa sai ɗaya daga cikinku ya tsaya masa, a rubuta wane ne ya kawo wane, in wanda ka kawo ya turo damfara kai ma ka sauka na wani lokaci, kar a ji kunyar wannan ko ɗan limamin unguwa ne. Sanarwa kuwa kar ta wuce sai mutum biyu daga cikinku sun je tushe, shafin manhajar na GitHub, inda masu ita ke ajiye rubutunta, ko adireshin da kuka riga kuka adana, ba linkin da aka turo ba, sikirinshot kam ku ɗauke shi hirar shayi. Ko asusun gaske ma ana sacewa, a Yulin 2020 an kutsa na Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter aka ce a turo Bitcoin za a ninka, mutane suka tura sama da dala dubu 100. Shi ya sa in saƙo ya zo da gaggawa, wai kafin 12 na dare, ɗaga waya ka kira admin ɗin ka ji muryarshi. Kalmomi 12 ɗin nan kuma babu mai manhajar gaskiya da zai tambaye ka su.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Yayana ne ya sa ni mainin ɗin kuɗin kirifto na Pi, har yanzu yana cewa kar in sayar, farashin gaskiya dala 314,159 ne ana nan tafe. Ba ya min ƙarya, amma hankalina bai kwanta ba.
Wata 'yar'uwa daga Argungu

AMSA: 'Yar'uwa na yarda Yaya ba ya miki ƙarya, shi ma ji ya yi. Lambar nan daga lissafin da'ira aka ɗauko ta, 3.14159 da ake koyarwa a sakandare, masu mainin ne suka yaɗa ta a tsakaninsu. Da aka buɗe cinikin Pi a kasuwanni ranar 20 ga Fabrairun 2025 ko dala 5 bai kai ba. Ki same shi cikin ladabi bayan ya ci abinci ki ce Yaya wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, ku bi layin tare ku ga ko zai kai ku ga masu Pi ɗin ko a wani gurup na WhatsApp zai tsaya.